Ido, Wa Ka Raina? Salo da Alamomi a Zanen Shimfiɗar Ƙasa na Mutanen Holan

Laccar da aka gabatar a unguwar Gudel, birnin Yamai

 

    

Maganar da aka ɗora mini ita ce salo da alamomi a cikin zanen shimfiɗar ƙasa na mutanen Holan, wato zanen fenti da ke nuna gonaki da koguna da gizagizai, wanda ya bunƙasa a ƙarni na 17. Na san wani zai ce a ransa: ina ruwan mutumin Gudel da zanen da aka yi a Turai shekara ɗari uku da hamsin da suka wuce? To, Holan ba baƙuwarmu ba ce. Iyayenmu mata sun san ta a jikin atamfa, domin kamfanin Vlisco na garin Helmond yana aiki tun 1846. Manyanmu kuma za su tuna fim ɗin Madame l'Eau da Jean Rouch ya yi a farkon shekarun 1990, inda Damouré Zika da Lam da Tallou suka tashi daga bakin wannan kogi namu na Isa suka tafi Holan neman dabarar injin iska da zai ɗebo musu ruwa zuwa gonakinsu. Su sun tafi koyon ɗiban ruwa. Yau ina so mu tafi koyon kallo.

Bahaushe ya ce: ido, wa ka raina? Ya ce wanda nake gani kullum. Duk laccata a kan wannan karin magana take. Zan kawo batutuwa biyar.

Na ɗaya: me ya sa suka fara zana ƙasarsu?

Kafin wannan zamani, babban aikin mai zane a Turai shi ne yi wa coci da fadar sarki hidima. Itatuwa da duwatsu galibi cikon gurbi ne a bayan hoton wani babban mutum. Abubuwa uku suka sauya haka a Holan.

Na farko addini. A shekarar 1566 jama'a suka afka wa coci-coci suna farfasa gumaka da hotuna, kuma mabiya koyarwar Calvin da suka yi rinjaye daga baya suka shafe bangon wuraren ibadarsu da farar ƙasa. Mai zane ya wayi gari babban mai ba shi aiki ya rufe ƙofa.

Na biyu yaƙi. Daga 1568 zuwa 1648, shekara tamanin, suna fafutukar ƙwace kansu daga mulkin Sifen. Wanda ya zubar da jini a kan ƙasa, ai ba zai ƙara yi mata kallon raini ba. Ga kasuwanci ya haɓaka, ɗan tireda da mai gidan burodi suka sami rarar kuɗin sayen zane su rataya a ɗaki. Me irin wannan mutum zai so ya gani a bangonsa? Garinsu, da kogin da ya yi wasa a bakinsa yana yaro.

Na uku ruwa. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan yana ƙasa da matakin teku. Datsiya ce ke tsakaninsu da halaka. A 1612 suka gama tsotse wani tafki mai suna Beemster da injinan iska sama da 40, suka mayar da gindinsa gonaki da makiyaya. Ku yi tunani: manomi yana huɗa a inda kakansa ya jefa koma. Ƙasar da mutum ya ƙwato daga bakin ruwa da guminsa, kowane taku nata yana da labari.

A nan zan ɗan ratse, saboda na ga malamai a gaba. Wannan fanni ya yi ƙarfi ne a wurin da aka fitar da hotuna daga ɗakin ibada. Mu ma a wajenmu malamai sun yi maganganu a kan zanen mai rai, amma da yawansu ba su ga laifi a zanen itace da dutse da kogi ba. Ke nan ƙofar wannan sana'a a buɗe take ga yaronmu.

Na biyu: salon, ko kuwa yadda suka raba sama da ƙasa

Abin da zai fara kama idonka a zanen Holan shi ne yawan sama. Ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, babu tsauni balle kwazazzabo. Maimakon su ɓoye wannan, sai suka saukar da layin da sama ke haɗuwa da ƙasa can gindin allo, suka bar wa gizagizai kashi biyu cikin uku, wani lokaci fiye. Gajimare ya zama shi ne tsauninsu.

Jan van Goyen, wanda aka haifa a 1596 ya rasu a 1656, yana cikin waɗanda suka kafa wannan hanya. Launukansa kaɗan ne: ruwan ƙasa, ruwan toka, da ɗan kore-kore mai ɗorawa. Fentinsa tsararo ne har kana iya hango jijiyar katakon da ya yi zanen a kai. Ya yi zane fiye da dubu, yana sayarwa da araha, kuma ya mutu da bashi a wuyansa. Amma da waɗannan launuka uku ya kama danshin iska, har ka ji kamar raɓa na sauka maka a fuska. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Isa da safiyar hunturu, lokacin da hazo ya haɗe ruwa da sama da tudun ƙetare suka zama launi ɗaya, ya riga ya san zanen van Goyen ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Sai babban gwaninsu, Jacob van Ruisdael, ɗan garin Haarlem, wanda ya rasu a 1682. Bari in tsaya a kan zanensa guda, injin iska na garin Wijk bij Duurstede, wanda ya yi wajen 1670, yana gidan adana zane na Rijksmuseum a Amsterdam. Faɗinsa bai fi mita ɗaya ba sai da ɗan kaɗan. A hannun dama hasumiyar injin ce, zagayayya, ta tubali, fikafikanta huɗu sun miƙe cikin hadari. Mai zanen ya sa mu tsaya a ƙasa muna ɗaga kai, shi ya sa ginin ya yi kwarjini har ya fi fadar da hasumiyar cocin da ke bayansa. A hagu kogin Lek ne, kwance lumui, da wani jirgi mai farin ƙyalle wanda iska ba ta fara turawa ba. An kafa turaku a jere a bakin gaɓa don kada ruwa ya ci ƙasa. Mata uku suna tafe a kan hanya, ƴan mitsi-mitsi. Sama ta haɗe, amma wani haske ya tsaga ta ya sauka a jikin hasumiyar. Ruwan bai sauko ba tukuna. Manomi ya san wannan lokaci sarai: sa'ad da gari ya yi tsit, tsuntsaye suka yi shiru, kowa ya ɗaga kai yana duban gabas.

Ku lura da dabaru uku a nan. Haske da inuwa suna bin juna a kan ƙasa, layi bayan layi, su ke jan ido zuwa nesa. Hanya ko kogi yana shiga zanen a karkace, ya kama hannun mai kallo ya shigar da shi. Mutum kuma ƙanƙane ne a ƙarƙashin sama. Shin wannan na ƙarshe dabarar zane ce kawai, ko wa'azi ne? Wannan tambaya ita za ta kai mu batu na gaba.

Na uku: alamomin da ke cikin zanen

Mutanen Holan na wancan zamani sun tashi da koyarwar cewa halitta littafi ce da ake karanta ikon Mahalicci a cikinta. Musulmi ba zai yi mamakin wannan ba, domin Alƙur'ani sau da yawa yana kiran mu mu dubi gizagizai da ruwan sama da jiragen da ke gudu a kan teku a matsayin ayoyi. Don haka in mai zane ya ajiye abu a allonsa, masu kallo suna iya jin ishara a ciki.

Injin iska: ba ya motsi sai an ba shi iska daga sama. Mai shi zai gyara fikafikai, ya zuba hatsi, sa'an nan ya jira. Aiki naka, iska ta Allah. Wane manomi ne a cikinmu bai san wannan ba?

Hasumiyar coci a can nesa: a ƙasar da ba tsauni, ita ce alamar da matafiyi ke gane gari da ita, kamar yadda mai shigowa Agadas ke fara hango hasumiyar babban masallaci. Tana nuna gida, tana kuma nuna sama.

Filayen shanya: Ruisdael ya sha zana garinsu Haarlem daga nesa, babban cocin Bavo a tsaye, a gaba kuma filaye cike da dogayen ƙyallayen lilin da aka jiƙa da ruwan toka da tsala aka shimfiɗa a kan ciyawa don rana ta faranta su. Ɗaya daga sana'o'in da suka ciyar da garin ke nan. Wasu masana suna ganin har da ishara ga tsarkin zuciya a cikin farin ƙyallen. Ni kuwa duk sa'ad da na ga wannan zane, masu wankin bakin kogi nake tunawa, waɗanda ke shimfiɗa tufafi kala-kala a gaɓa kusa da gadar Kennedy. Wa ya taɓa zana su?

Saniya: ita ce alamar arzikin ƙasar, mai ba da madara da cuku da man shanu. Aelbert Cuyp na garin Dordrecht ya riƙa zana shanu kwance a bakin kogi cikin hasken la'asar mai ruwan zinariya. Paulus Potter kuwa, a 1647, yana ɗan shekara ashirin da ƴan kai, ya ɗauki ƙyalle mai faɗin sama da mita uku, irin wanda ake keɓe wa sarakuna da fagen fama, ya zana ɗan bijimi a kai da girmansa na gaske. Bai bar komai ba: ƙudajen da ke yawo a bayansa, kashin shanu a ƙasa, har da kwaɗo a gefe. Yana nan a gidan Mauritshuis a birnin Hague. Me yake cewa? Cewa yake dabbar makiyayi ta isa a tsaya a dube ta da girmamawa. Bafulatanin da ke kiran kowace saniyarsa da sunanta zai fahimce shi tun kafin a yi masa bayani.

Hanya: Meindert Hobbema, almajirin Ruisdael, ya zana hanyar shiga ƙauyen Middelharnis a 1689, zanen yana Landan. Dogayen itatuwa sirara a jere dama da hagu, an sassabe rassansu sai ɗan tukku a ƙoli, lambatu a kowane gefe, maharbi da karensa suna tahowa, wani mutum kuma yana gyaran dashe a lambu. Babu abin da ya tsiro da kansa a wurin. Zanen kirari ne ga mutanen da suka tsara ƙasarsu da igiya da ma'auni.

Sai wanda alamarsa ta fi fitowa fili, Maƙabartar Yahudawa ta Ruisdael. Ya yi ta sau biyu, ɗaya tana Dresden a Jamus, ɗaya tana Detroit a Amurka. Kaburbura, kangon gini da ya rushe, busasshen itace, rafi mai gudu a tsakanin duwatsu, can sama kuma bakan gizo. Ba sai an yi wa kowa tafsiri ba. Gini na rushewa, itace na bushewa, kwanaki na wucewa kamar ruwa, amma rahama ba ta yankewa.

Na huɗu: gargaɗi biyu

Gargaɗin farko: kada mu mayar da kowane itace wa'azi. Masana kansu sun rabu. Josua Bruyn ya tafi a kan cewa a karanta waɗannan zane-zane da idon littafin addini, hanya ta zama tafiyar rayuwa, gari mai nisa ya zama lahira. Svetlana Alpers kuwa, a littafinta na 1983, ta ce ƙarfin zanen Holan yana cikin siffanta abin da ido ya gani, kamar aikin mai zana taswira. Ra'ayina shi ne kowannensu ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Gawo a gona itace ne, inuwa ce, taki ne, abincin dabba ne; wanda ya ga dama kuma ya ɗauki darasi daga yadda yake kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani. Darasin bai hana shi zama gawo ba.

Ku kuma sani cewa ba a gaban wurin suke zama su yi fentin ba. Sukan fita da takarda da baƙin alli su ɗebo siffofi, su koma ɗaki su harhaɗa. Kaburburan nan na gaske ne, suna ƙauyen Ouderkerk kusa da Amsterdam, amma wurin fili ne. Kangon da tudun da rafin duk Ruisdael ne ya ƙara su. Bijimin Potter ma, masana sun lura cewa sassan jikinsa na dabbobi ne masu shekaru daban-daban. Ashe mai zane kamar maroƙi yake: abin da ya faru yake ɗauka, amma shi ke zaɓen abin da zai gabatar da abin da zai jinkirta.

Gargaɗi na biyu ya fi nauyi, kuma ya shafe mu kai tsaye. Daga ina wani ɓangare na dukiyar da ta sayi waɗannan zane-zane ya fito? A 1621 aka kafa kamfanin Holan na Yammacin Indiya. A 1637 suka ƙwace sansanin Elmina, a gaɓar ƙasar Gana ta yau, daga hannun mutanen Fotugal, ya zama ɗaya daga manyan ƙofofin fitar da bayi. A wannan shekara mai zane Frans Post ya sauka Burazil tare da gwamna Johan Maurits, ya zauna har 1644. Ya zana gonakin rake da irin salon nan: sama mai faɗi, kogi a kwance, gari lafiya lau. A cikin zanen akwai baƙaƙen mutane ƙanana suna aiki, wasu na tafe da kaya a ka, wasu na rawa. Ƴan'uwanmu ne da aka sayar. Bulala ba ta fito ba, sarƙa ba ta fito ba. Kyawun zane yana iya zama mayafi. Duk sa'ad da kuka tsaya gaban hoto mai sanyaya zuciya, ku tambaya: wa aka bari a waje? Wa aka ƙanƙanta?

Na biyar: Gudel

Yanzu mu dawo gida. Me mutanen Holan suke da shi wanda ba mu da shi? Sama? Ku fito da yammacin watan Agusta ku dubi hadarin da ke tasowa. Ruwa? Ga kogin Isa, mai cika biyu a shekara: jan ruwa na damina mai ɗauke da laka daga ƙoramu, da baƙin ruwa da ke isowa daga tsaunukan Gini a cikin sanyi. Launi biyu a kogi ɗaya, kyauta ga mai fenti. Fargabar ruwa? A watan Yunin 1985 kogin nan ya daina gudu a Yamai, dattawan da ke zaune a nan sun gani da idonsu, kuma bayan haka ne aka yi madatsar Gudel don tare wa birni ruwan sha. A daminar 2020 kuma ruwa ya karya datsiya ya shiga unguwannin Harobanda irin su Lamorde. Mun san ƙishirwa, mun san ambaliya.

Alamomi fa? Muna da namu, ba sai mun aro injin iska ba. Kwalekwalen Basarke da asuba. Fadamun shinkafa. Lambunan bakin kogi da mai ban ruwa riƙe da bokiti biyu. Goriba da giginya. Garken shanu na iyo zuwa tsibiri, ƙahoni kaɗai ake gani. Ma'aikatar tace ruwa ta Gudel da ke shayar da yawancin birnin nan. Sabuwar gadar Janar Seyni Kountché da aka buɗe a 2021, a ƙarƙashinta mai fito yana tuƙa jirginsa kamar yadda kakansa ya yi. Wannan kaɗai zane ne mai magana: tsohon zamani da sabo a allo ɗaya. Kuma hannu ba baƙonmu ba ne. Waɗanda suka sassaƙa raƙuman dawa a dutsen Dabous cikin Abzin shekaru dubbai da suka wuce, da maginan da suka ƙawata bangayen unguwar Birni a Damagaram, duk mutanen ƙasar nan ne.

Ga roƙona guda uku. Matasa masu zane, ku riƙe littafin zane a aljihu, ku zaɓi wuri ɗaya a bakin kogi, ku zana shi da damina, da kaka, da hunturu, da bazara. Kada tsadar fenti ta hana ku. Van Goyen da launi uku ya yi suna, mu kuwa muna da jar ƙasa da gawayi da baba. Malaman makaranta, ku fitar da yara daga aji ko sau ɗaya a wata, ku kai su gaɓa, ku kai su gidan tarihi na Boubou Hama, ku tambaye su me suka gani. Masu hali kuma, ku sayi aikin yaranmu ku rataya a falo. Zanen Holan ya rayu ne domin ɗan kasuwa ya sa hannu a aljihu.

In za ku zana, ku zana da gaskiya. Ku sa yashin da ke cike kogi, ku sa ledar da ta maƙale a ƙaya, ku sa mai wanki da fuskarsa a fili, kada ku mayar da shi ɗigo kamar yadda Frans Post ya yi wa namu. Gaɓar da kuke gani yau tana sauyawa. Gini na ci, ruwa na ci. Jikokinmu za su tambaya yadda Gudel take a zamaninmu. Mutumin Haarlem yana da amsa a bango, domin wani ɗan garinsu ya ƙi raina abin da yake gani kullum. Ina fata gobe da safe, in kun bi ta bakin kogi, za ku ɗan dakata ku ɗaga kai.